Hon ɗin mashin ya ɗauke? Kar ka yi saurin sayo sabo, bi hanyar wutar tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa masu hawa mashin. Abin da yasa na zauna rubuta wannan, daminar bara ina dawowa gida gab da magariba an gama yayyafi, na shigo layinmu ba wani gudu nake ba, sai ga wani yaro da bai fi shekara biyar ba ya fito daga soro a guje yana gara tsohuwar taya ko waige babu, na danna hon shiru, na ƙara dannawa shiru, sai birki na taka da ƙarfi tayar baya ta ja ƙasa mashin ya tsaya, tsakanin tayar gabana da ƙafar yaron nan bai kai taku ɗaya ba. Wallahi na fi minti biyar a tsaye a wurin jikina yana rawa. Abin da ya fi ci min rai shine na san hon ɗin ya kusa sati biyu yana wasa, yau ya yi gobe ya ƙi, ina ta cewa sai na samu lokaci. Washegari da safe na durƙusa na duba, ashe kan waya ɗaya ne ya yi tsatsa ya saki, gyaran bai ci min minti goma ba kuma ko sisi ban kashe ba.

Da yawanmu hon na ɗaukewa sai a wuce shago a sayo sabo a ɗaura, ya ƙi yi, ko ya yi kwana uku ya koma gidan jiya, sai a ce ai kayan yanzu ba su da kyau. Alhali a irin gyaran da na yi wa nawa da na abokai da maƙwabta, sau da yawa shi hon ɗin lafiyarsa ƙalau, wuta ce bata isa gare shi yadda ya kamata. To in ka san hanyar da wutar take bi, da kanka zaka gano inda ta maƙale.

Shi hon, ko oda ko ham kamar yadda wasu ke kiransa, ba wani abin mamaki bane a cikinsa. Akwai naɗin wayar tagulla wato koyil, in wuta ta shiga sai ya zama mayen ƙarfe ya fizgo wani siririn faifan ƙarfe, da ya fizgo shi sai wasu 'yan bakuna biyu da suke manne da juna su rabu, irin falatin ɗin tsofaffin injina, wuta ta yanke, faifan ya koma mazauninsa, bakunan su sake haɗuwa, wuta ta dawo, a sake fizgowa. Haka zai ta yi kamar sau 300 zuwa 500 a daƙiƙa ɗaya, wannan karkarwar ce kunnenka yake ji a matsayin ƙara. Shi yasa yake buƙatar wuta mai ƙarfi lokaci guda, ɗan ƙaramin hon na kamfani yana jan kamar amp 2 zuwa 3, kaga kusan daidai da kwan fitilar gaba mai wat 35. In wutar ta gaza, ƙarfin fizgar ba zai kai ya raba bakunan ba, sai dai kaji "ƙas" ɗaya ya yi shiru.

Hanyar kuwa ita ce daga batir zuwa fiyus, daga fiyus zuwa makulli, daga nan ta bi ta madanni da hon, sannan ta koma batir ta jikin mashin ko ta wayar nagetif. Amma nan ne mutane suke ruɗewa, domin haɗin kala biyu ne. A wasu mashinan da ka murɗa makulli wuta ta riga ta je ta zauna a kan hon tana jira, shi madanni aikinsa kawai ya haɗa ɗaya wayar da jikin mashin. A wasu kuma wutar a madanni take jira, sai ka danna take wucewa zuwa hon, ɗaya wayar hon ɗin kuma tana haɗe da jiki kullum. Dole ka fara sanin naka wanne ne, don gwajin da zai yi maka amfani a kala na farko shi ne zai ƙona maka fiyus a kala na biyu.

Launin waya yana ɗan taimakawa. A Honda da mashinan China da suka kwaikwayi wayarin ɗinta, baƙar waya ita ce wutar da ta fito daga makulli, koriya shar ita ce ta jiki, ta hon kuma koriya ce mai haske. A Yamaha ruwan ƙasa ce wutar makulli, baƙa ce ta jiki, ta hon ruwan hoda. Suzuki kuma ruwan lemo ce wutar makulli, ta jiki baƙa mai farin zane. Ka lura fa, baƙar waya a Honda wuta ce, a Yamaha jiki ce, wanda ya saba da ɗaya ya je ya yi wa ɗayar kallon sani zai haɗa gobara. Kuma mashinan da muke hawa, Boxer ne ko Jincheng ko Lifan ko roba-roba, yawanci sun bi ta hannun masu wayarin uku ko huɗu, kowa ya yanka ya jona da wayar da ya samu a akwatinsa. Don haka ni launi bana ba shi gaskiya sai na gwada.

Kayan aikin ba su da yawa, sukundireba mai baki huɗu da mai baki ɗaya, sufana lamba 8 da 10, filaya, ɗan sanfefa mai laushi, baƙin tef, da guntun waya biyu masu tsawon kamar kamu biyu. In kana da mitar auna wuta madalla. Amma abin da na fi so ka haɗa shine kwan gwaji, ka samu tsohon kwan fitilar gaba da har yanzu waya ɗaya a cikinsa take kamawa, ka jona masa waya biyu, shikenan. Dalilin da yasa na fifita shi a kan mita, ita mita kusan bata jan wuta ko kaɗan, waya zata iya cinyewa saura silin gashi ɗaya ya riƙe ta amma mita ta nuna maka 12V cif, kai kuma ka ce lafiya lau ka wuce. Kwan kuwa sai ya ja wuta kamar yadda hon yake ja, in hanya ta lalace zaka ga ya yi ja-ja kamar garwashi ko ya ƙi kamawa gaba ɗaya.

Kafin ka kwance ko kusa ɗaya, murɗa makulli ka sa ido a kan koriyar fitilar furi da take kan mitar gudun mashin, sannan ka danna hon. Wannan ɗan gwajin yana faɗa maka abubuwa da yawa. In fitilar ko gezau bata yi ba, to wutar bata tafiya ko ina, hanya ta yanke a wani wuri, ko madanni ko waya ko bakunan cikin hon. In ta ɗan dusashe kaɗan kuma kaji ƙas daga gaba, wuta tana isa, hon ɗin ne ya maƙale ko saitinsa ya goce. In kuwa ta mutu murus duk lokacin da ka danna, batir ka fara zargi, ko kawunansa. In ma tun farko fitilar bata kama ba, sigina baya yi, fitilar birki bata yi, to ba maganar hon bace, je ka fiyus.

Batir shine babban mai laifi a wurinmu, musamman masu tayar da mashin da kik, tunda mashin yana tashi ba wanda yake tuna batir har ya bushe. Alamarsa sananniya ce, mashin yana tsaye a sulo hon ya yi ta gurnani kamar akuyar da mura ta kama, da ka ja totur sai murya ta buɗe. In kana da mita, batir mai lafiya da ya huta zai nuna kamar 12.6V, in ya sauka ƙasa da 12 ya yi sanyi sosai. Tayar da injin ka ɗan ja totur, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba to caji ne baya shiga, sai a duba rektifaya, wato ɗan akwatin da yake daidaita cajin batir, ko koyil ɗin cikin injin, in kuma ya haura 15 rektifaya ce take dafa batir ɗin, ko ka sa sabo ba zai daɗe ba. Mai ruwa ne, duba ruwan ko ya sauka ƙasa da layi, in zaka ƙara ka ƙara ruwan batir tatacce ba asid ba. Sannan kalli kawunan, in ka ga farin gari ko kore ya taru kamar kanwa, kwance su ka goge da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli ka ɗaure tamau. In zaka cire batir nagetif ake fara cirewa, in zaka mayar shi ake sawa a ƙarshe, kuma dan Allah cire zobe da agogon ƙarfe, sufana ta haɗa kan fozitif da jikin mashin ba ƙaramin tartsatsi take yi ba ga tankin mai a kusa.

Fiyus yana kusa da batir a kan jar waya, cikin wani ɗan farin kwanso na roba, ƙananan mashina yawanci na amp 10 ko 15 ne. Ɗaga shi a haske ka gani ko zaren ya tsinke, wani lokacin ma bai tsinke ba, 'yan ƙarafan da suke riƙe shi ne suka buɗe ko suka yi tsatsa, matse su da filaya ka goge. Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka naɗa masa waya ko takardar kwalin sigari. Na san ana yi, na ga an yi a gabana ba sau ɗaya ba. Fiyus baya ƙonewa haka kawai, wata waya ce take taɓa jiki, in ka toshe masa hanyar ƙonewa to wayarin ɗin ne zai ƙone a madadinsa, kuma a ƙarƙashin tanki yake bi.

To batir lafiya, fiyus lafiya. Yanzu zare wayoyi biyun da suke kan hon, ka kawo guntayen wayarka daga batir kai tsaye, ɗaya daga fozitif ɗaya daga nagetif, ka taɓa ƙafafun hon ɗin. Irin mai faifai mai ƙafa biyu bai damu da wacce ta je ina ba. In mai ƙafa ɗaya ne, jikinsa shine nagetif. In ya kwarma ihu da ƙarfi ka bar shi a wurinsa, ka huta da kuɗin sabo, matsalar tana baya. Daga nan sai ka sa kwan gwajinka tsakanin wayoyi biyun da ka zare, murɗa makulli, danna madanni. In kwan ya haska tar, hanya lafiya, to kawunan wayar ne basa kama ƙafar hon da kyau, irin abin da ya same ni kenan. Kan nawa da na zaro shi ciki duk ya yi kore, kuma yana shiga yana fita ba ko tirjiya, na goge ƙafar hon da sanfefa, na ɗan matse bakin kan da filaya har sai da na sa ƙarfi kafin ya shiga, na ɗiga masa ɗan giris don ruwa, har yau bai ƙara yi min gardama ba.

In kwan bai kama ba, yanzu ne zaka gane kalar haɗinka. Makulli a buɗe, kar ka danna komai, ɗora waya ɗaya ta kwan a jikin injin inda ba fenti, ɗayar ka taɓa wayoyin hon ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ta haska ba tare da ka danna ba, naka kala na farko ne, wuta tana zuwa, ɓangaren madanni ne ya lalace. Don ka tabbatar, mayar da waya mai wutar kan hon, ɗaya ƙafar ka taɓa ta da jikin injin da guntuwar waya, zaka ji ya yi. In kuma babu wadda ta haska, sa wani ya danna maka madanni ka sake bi, in ɗaya ta haska yanzu to kala na biyu ne kuma madanninka lafiya, wayar jiki ce ta yanke, ja sabuwa daga ƙafar hon zuwa wani noti a jikin firam, ka kankare fenti da tsatsa a wurin kafin ka ɗaure. A kala na biyun nan kar ka kuskura ka taɓa wayar da ta fito daga madanni da jiki ana dannawa, nan take fiyus zai tafi. In ko an danna ko ba a danna ba duk shiru, to sai madanni da wayoyin da suka shiga cikinsa, ko wayar da take kawo wuta daga makulli.

Madannin nan yana shan wahala fiye da komai a mashin. Rana a kansa, ruwan sama a kansa, ƙurar hunturu tana shiga ta haɗu da gumin hannu ta zama laka, ga masu wanki da suke saita masa bakin tiyo. Kusoshi biyu ne suke riƙe gidansa a hannun hagu ta ƙasa. Kafin ka kwance shimfiɗa farin ƙyalle ko buhu a ƙasa, don akwai wani ɗan sifirin a bayan madannin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, in ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi ka gama ganinsa. Buɗe a hankali, ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai don ka san yadda zaka mayar. Zaka ga 'yar tagulla mai kai kamar kan ƙusa da wani ɗan faranti da take taɓawa, yawanci sun yi baƙi ko kore, wani lokacin ma har gidan gizo-gizo ko tururuwa zaka tarar. Goge su da sanfefa mai laushi sama-sama, kar ka cinye ƙarfen, hure ƙurar, ka duba inda aka like waya da dalma ko ta ɓalle. In ta ɓalle sai an sake like ta, mai gyaran rediyo ko waya zai yi maka cikin minti biyu. A wasu tsofaffin mashina madannin ta jikin ƙarfen hannu yake samun nagetif, to in wurin ya yi tsatsa ko an yi masa fenti, shima sai an kankare.

Sai kuma wuyan mashin, wurin da dunƙulen wayoyi suke lanƙwasa duk sanda ka juya kai. Shekara da shekaru ana karya su hagu da dama, tagullar ciki takan tsinke robar waje kuma tana nan lafiya kamar ba abin da ya faru. Yadda zaka kama shi, danne madanni ka riƙe, ka juya kan mashin a hankali daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, in hon yana yi yana ɗaukewa to ga ɓarawon nan. Bi wayar da yatsu kana ɗan ja, inda ta tsinke zaka ji ta yi laushi tana miƙewa kamar roba. A wurin nan ne kuma ake samun hon mai yin kansa, kana shan kwana sai ya kama ihu ba wanda ya taɓa shi, mutane suna ta juyowa suna hararka. A haɗi kala na farko hakan na nufin wayar da take zuwa madanni ta goge tana taɓa firam. Zare waya ɗaya daga hon ya yi shiru tukuna, don in ya daɗe yana yi koyil ɗinsa zai ƙone, sannan ka nemo inda ta goge. In zaka jona, yanke ruɓaɓɓen wurin gaba ɗaya ka sa sabuwar guntuwa mai ɗan tsawo don ta samu sararin lanƙwasa, kuma kar jonin ya faɗo daidai kan lanƙwasar. Ka leƙa cikin ƙoƙon fitilar gaba ma, nan ne mahaɗar wayoyin hannu take, kan waya yakan zare a ciki saboda girgizar hanya.

Idan kuma tun gwajin batir kai tsaye hon ɗin ƙas kawai ya yi ko muryarsa a dishe, har yanzu kar ka jefar. Ba shi wuta ka ɗan ƙwanƙwasa gefensa da ƙotar sukundireba, sau da yawa tsatsa ce ta riƙe bakunan, bugun sai ya sake su. A bayansa akwai wata 'yar ƙaramar kusa, wani lokaci da ɗan noti mai kulle ta ko an ɗiga mata fenti, ita ce take saita tazarar bakunan. Yi mata alama don ka san inda ka taso, sassauta notin, ka juya kwata ɗin zagaye kawai, gwada, in ya ƙara lalacewa koma ɗaya ɓangaren, kana yi kana saurare har ka samu inda muryar ta fi kauri da tsafta, sai ka kulle. Kar ka yi ta murɗawa zagaye biyu uku, kuma kar ka danne wuta fiye da daƙiƙa biyu in baya ƙara. Babban notin tsakiya da yake riƙe faifan ba ruwanka da shi. Girgiza shi a kusa da kunne, in kaji ruwa ajiye shi a rana bakinsa ƙasa ya wuni. Wanda aka haɗa da kusoshi a gefe ana iya buɗewa a zura siririn sanfefa tsakanin bakunan, wanda aka danne bakinsa da inji kuwa in ya ƙi saiti ya gama aiki, musamman in kana jin ƙaurin ƙonewa. Nan ne sayen sabo ya zama dole, ka duba bayansa an rubuta 12V, kuma a gwada maka a kan batir a gabanka kafin ka biya.

Wani abin da ake mantawa, hon sai yana lilo a kan siririn ƙarfensa yake ƙara da kyau. In mashin ya taɓa faɗuwa ƙarfen ya lanƙwashe hon ya jingina da firam ko da roba, ko wani ya ɗaure shi da waya ko igiyar roba, muryar zata shaƙe ko da komai lafiya. Miƙe ƙarfen ya zama ba abin da yake taɓa shi.

Yanzu maganar masu son babban hon, irin tagwayen nan na mota masu kamar dodon koɗi. Ni bana ganin laifin mai yawan bin babban titi cikin tireloli da tankoki ya sa su, ɗan hon ɗin kamfani direban babbar mota da gilashinsa a rufe ba lallai ya ji shi ba. Abin da bana so shine na iska mai kukan tirela a cikin unguwa, na ga dattijuwa ta zubar da kayanta ta faɗa kwata saboda an danna mata shi a bayanta, wannan cutarwa ce. Tagwayen zaka ga an rubuta H a ɗaya L a ɗaya, mai siririyar murya mai karkarwa kusan sau 500 a daƙiƙa da mai kauri kusan sau 400, haɗuwarsu ce take ba da amon nan mai daɗi, don haka kar a haɗa maka H biyu.

Kuskuren da ake yi shine a zare tsohon a jona tagwayen a kan wayoyin nan dai. Lissafa da kanka, kowanne yana iya jan amp 4 zuwa 6, biyu kenan wajen 10, a 12V wat 120 kenan, ya fi kwan fitilar gaba uku a haɗe, duk ta cikin siririyar wayar da aka yi don ɗan hon ɗaya da 'yar tagullar madannin nan da ka gani. Sati kaɗan madanni ya ƙone, ko fiyus ya yi ta tafiya, ko hon ɗin su yi ta kukan yunwa ka ce jabu aka sayar maka. Maganinsa rile, wasu masu wayarin suna ce masa katawut, ɗan baƙin akwati ne mai ƙafa huɗu, a shagon kayan mota ko na mashin duk ana samu, a Kano in ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa zaka samu, a Kaduna ga Panteka. Aikinsa madanni ya aika masa 'yar wuta da bata kai kwatan amp ba, shi kuma ya buɗe wa babbar wuta hanya kai tsaye daga batir.

Juya shi zaka ga lambobi a gindin ƙafafun, 30 da 85 da 86 da 87, tsarin lambobin Jamus ne kuma kusan duk kamfanoni shi suke bi. Cire nagetif ɗin batir tukuna. Wayoyi biyun da ka zare daga tsohon hon, ɗaya a 85 ɗaya a 86, daɗin wannan dabarar ko haɗinka kala na farko ne ko na biyu zata yi aiki ba sai ka yanka komai ba. In dai rile ɗin mai zanen dayod ne a jikinsa, wato 'yar alama kamar kan kibiya mai layi a bakinta, to mai wutar ta je 86, ta jiki ta je 85. Sai ka ja sabuwar waya mai kauri, mai lamba 1.5 ta isa tagwaye, daga fozitif ɗin batir zuwa 30, kuma ka sa mata fiyus nata na 15 dab da batir, kar ya wuce tsawon tafin hannu daga kan batir ɗin, domin wannan wayar kullum da wuta a cikinta ko makulli yana aljihunka, duk tsawon da yake kafin fiyus ba shi da mai tsaro. Daga 87 ka ja zuwa hon na farko, daga ƙafar nan ka tsallaka da guntuwa zuwa hon na biyu, kowanne ya samu wutarsa cikakkiya. Sauran ƙafafun biyu ka haɗe su ka kai firam inda ka kankare, ko ma ka mayar har nagetif ɗin batir in kana da waya. Kar ka bi da wutar ta cikin na farko ta fita ta shiga na biyu kamar jerin carbi, raba 12 ɗin zasu yi duka su shaƙe. In rile ɗinka mai ƙafa biyar ne, ta tsakiyar mai 87a bar ta haka nan ka rufe ta da tef, in ka jona hon a kanta da ka mayar da batir zai kama ihu ba tsayawa. Hon na iska mai kwamfuresa yana jan har amp 15 zuwa 20, sai waya 2.5 da fiyus ɗin da aka rubuta a kwalinsa, shi kuma yana da fozitif da nagetif ba a juya masa, ga batirin ƙaramin mashin mai 5Ah ko 7Ah baya jure masa.

Wurin ɗaurawa, rile ƙafafunsa su kalli ƙasa don kar ruwa ya kwanta a ciki, ƙarƙashin tanki ko bayan murfin gefe ya fi. Dodon koɗin ma bakinsu ya kalli ƙasa, in ya kalli sama ko gaba sosai wanki ɗaya zai cika su da ruwa. Sabuwar wayar ta bi gefen tsohon wayarin, nesa da kan silinda da salansa, ka kama ta da 'yan igiyoyin roba, inda zata wuce gefen ƙarfe mai kaifi zura ta cikin guntun tiyo. Ka sa kawunan waya na gaske ka matse da filaya, murɗa tagulla a ƙafar hon a naɗe da tef baya kai wata guda a hanyoyinmu.

Ka gama, mayar da nagetif, murɗa makulli ka danna, ya kamata kaji ɗan ƙas na rile tare da ƙarar. In ƙas kaɗai kaji duba fiyus ɗin da ka sa da wayar jiki, in ko ƙas ɗin babu koma kan 85 da 86. Sannan juya kan mashin ƙarshe zuwa ƙarshe ka tabbata ba wayar da take ɗamewa, riƙe birkin gaba ka danna mashin ƙasa da ƙarfi sau uku huɗu ka ga madigadi ko shokozoba basa dukan hon, kunna fitilar gaba da sigina ka sake dannawa injin yana sulo. In ya yi tsaf a haka, naɗe fiyus ɗaya na 15 da wani irin na mashin ɗin a 'yar leda ka cusa su kusa da batir kafin ka rufe murfin.